Buhunan Yashi a Dam ɗin Kawu

Kawuna, ƙanen Inna, shi ya tare rafin ƙauyenmu, can wajen Nasarawa Burkullu, ya yi dam don noman rani. Da kuɗinsa ya yi, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba. Albasa ta samu, har motoci na zuwa daga Gummi suna lodi. Gidanmu kuwa shi ne na farko a ƙasan jingar dam ɗin. In Inna ta ɗaga kai daga murhu, tudun nan take gani.

Manoman da ke shan ruwan suna da wata dabara. Da damina ta yi nisa sai su jera buhunan yashi a mafitar da rarar ruwa ke bi, don dam ya ƙara cika, ya kai su bazara. Kawu yana gani, yana kau da kai. Ni dai abin ya daɗe yana ba ni haushi, amma wa ya aike ni?

Wata shekara injiniyan gwamnati ya zo dubawa. Ya taka jinga, sannan ya sauko cikin gidaje yana tambayar masu kwana a ciki. Ya ce dam ɗin yana sahun mafi haɗari.

Kawu ya harzuƙa. "Dam nawa? Ko tsaga babu!"

"Alhaji, ba ƙarfin jinga ake aunawa a nan ba," in ji injiniya. "Ana duba wa ke ƙasanta ne in ta ɓalle. Buhunan nan kuma a kwashe su. In ruwa ya rasa hanya, ta kan jinga zai bi."

Yana tafiya Kawu ya ce surutun 'yan boko ne, ko buhu ɗaya ba za a taɓa ba.

Washegari Inna ta share ɗakin da ke bakin danga, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta aika a kira Kawu.

"Ga ɗakinka. Tunda ka ce ba ta ɓallewa, nan za ka kwana har damana ta wuce, kai da ɗiyanka."

"Haba Yaya, mi ya kawo ɗiyana cikin maganar ga?"

"Nawa a kasuwa nis sayo su?"

Kawu ya dubi tabarma, ya ɗaga kai. Kullum daga sama yake kallon jingarsa, kamar mai gona a kan kunya. Ran nan ya gan ta daga inda muke kwana. Wallahi na ji daɗi.

Kafin la'asar yana cikin ruwa har gwiwa, yana jan buhu da hannunsa. Ruwa bai kai su bazara ba a shekarar, manoma suka yi ta gunaguni, Inna ko a jikinta.

Tabarmar tana nan a naɗe. Duk sanda hadarin farko ya haɗu, sai ta fito da ita ta shanya a kan danga, daidai inda Kawu zai hango daga kan jinga.