Mama Mai Kunun Gyaɗa

Duk ranar da aiki ya kai ni Challawa, warin jima ya bugi hancina, sai in ji kamar na yi laifi. Warin da ke jikin rigar baffana ke nan, ƙanin mahaifina da ya ɗauko ni daga ƙauye bayan na zama maraya. A kamfanin fata yake aiki, muna zaune a gidan haya na ma'aikata.

Ba zan ɓoye maka ba, na sha duka a hannunsa. Da guntun bel na inji yake zane ni, kuma ba sai na yi wani abu ba. In an ɓata masa rai a wurin aiki, a kaina yake hucewa. Tun ina ƙarami na iya karatun mutane. Daga yadda ya cire takalmi nake gane ko yau akwai lafiya. Na ɗauka haka kowane babba yake.

A ɗakin ƙurya akwai wata dattijuwa Kirista, 'yar Filato, mai sayar wa ma'aikata kunun gyaɗa da ƙosai a bakin kamfani. Mama kowa ke ce mata. Da damina, in ruwa ya cika tsakar gida, ɗakinta ne mai ɗumi, yana ƙamshin gyaɗa da tsamiya. Wata rana ta miƙo hannu wajen kaina, sai na dunƙule na kare fuska. Ta janye hannunta, sannan ta ce, "Ɗana, ciyawa ce a gashinka. In cire?"

Daga ranar ba ta ƙara taɓa ni ba sai ta tambaya. Ta kuma tari baffa a zaure, ina jinta tana cewa, "Malam, yaron nan amana ne. In kun gaji da shi, ku bar mini." Bai daina gaba ɗaya ba, amma ya rage. In ya shigo a fusace, sai ta leƙo ta ce in zo in ɗanɗana mata gishirin miya. Sai in sha miyar da gishirinta ya ji sarai, har in ƙoshi.

Na girma, na samu aiki a wani sito a Bompai, amma tsoron ya biyo ni. In shugaban sashenmu ya kira ni, kafin in isa na shirya ban haƙuri. In abokan aiki suna dariya, sai in ce da ni suke. Wani ya taɓa raba abincinsa da ni, na wuni ina tunanin me yake nema a wurina. Ko matata, in ta yi shiru, sai in shiga binciken laifina.

Lokacin da Mama ke shirin komawa Filato wurin 'ya'yanta, na je sallama, na faɗa mata duk wannan. Ta yi murmushi ta ce, "To ka riƙa tambayarsu mana. Ba kowa ne baffanka ba. Wani shirun gajiya ce kawai."

Ina koyo a hankali. Baffa ya rasu, ina yi masa addu'a, wata rana da sauƙi, wata rana da ƙyar. Gidan hayar ma an rushe shi, an yi shaguna.

Kwanan nan 'yata ƙarama ta yar da wayata, gilashin ya tsage. Ba ta ɓuya ba, ba ta ɗora wa kowa ba. Ta kawo mini da kanta, ta haye cinyata ta ce, "Abba, ka ga abin da na yi." Na rungume ta ƙam, har ta fara mita wai na matse ta.