Matar Yayana da Labulayenta

A gidanmu Uwar Labule muke kiran matar yayana, a bayan idonta. Tun da aka kawo ta ta sa wa tagogin falonta labule mai kauri, biyu-biyu, don kada rana ta leƙo ta ɓata mata fata. Kuma fatar nan ba da ita aka haife ta ba, a cikin kwalba ta sayo ta. Ko shanya ba ta fita yi, sai dai ta aiki wani.

Da a kanta abin ya tsaya, wallahi ko kallo ba ta ishe ni ba. Sai Allah ya ba ta 'ya fara sol, muka sa mata Auta. Shi ke nan, yarinya ta shiga kurkuku. In na ce a kawo ta tsakar gida ta yi wasa, sai uwar ta yatsine fuska.

"Gwaggo, ki rufa mini asiri. So kike ta koma irin kalarku?"

Auta ta shekara biyu tana rarrafe. Da ta miƙe kuwa, ƙafafun sun lanƙwashe, taku uku sai ta zauna tana kuka. Yayana ba bakinsa a gidan, don haka ni na ja su asibiti.

Likita ya duba ta, ya ce ƙasusuwan ne ba su yi ƙwari ba, saboda ƙarancin bitamin D. Ya ce jiki da kansa yake haɗa shi idan rana ta taɓa fata, ana kuma samunsa a gwaiduwar ƙwai da kifi mai maiƙo da hanta. Ya rubuta magani, ya ce kullum a riƙa fitar da ita ta sha hantsi, in an dage tun yanzu ƙafar za ta iya miƙewa.

Matar nan ta gyara zama ta ce, "Likita, babu allurar da za ta maye gurbin ranar? Kar ta yi baƙi."

Kunya ta kama ni kamar in nutse a wurin.

Washegari da hantsi na je ɗaukar Auta, aka ce sun fita. A shagon tela na same su, yana gwada yarinyar da tef, ita kuma ta riƙe teburi don kada ta faɗi.

"Ƙara tsawon," in ji uwar. "Har ƙasa nake so, kada a ga ƙafar."