Ƙundu Guda a Takarda

A gidanmu na Kademi, idan aka yanka kaza, kowa ya san rabonsa tun ba a sauke tukunya ba. Mu yara wuya da ƙafafu, mata fiffike da baya, ƙundu kuwa na maigida ne. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya faɗa mana, haka muka tashi muka tarar. Na taɓa ganin Inna ta juye miya kaf a wani kwano tana laluben ƙundu da ludayi, gumi na keto mata, don ba za ta kai wa Baba kaza babu shi ba. Bayan rasuwar Baba, ranar da aka fara yanka kaza a gidan, Inna da hannunta ta ajiye ƙundun a gaban Yaya. Saurayi ne a lokacin, ko aure bai yi ba. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya ɗauka, kuma daga ranar bai ƙara zancen komawa makaranta ba, ya rungumi gona. Ni, autan gidan, aka bari na ci gaba da karatu har Kano.

Da na gama, Allah ya sa na samu aiki a wani ofis a Gaya. Albashin ba wani abin kirki ba ne, amma ya isa na ɗinka shadda kala uku, na sayi takalmi sau-ciki, na kuma koyi wata irin tafiya da ban taho da ita daga gida ba. A bayan layin da nake haya akwai wani mai suyar kaza. Rumfar kwano ce ƙarama, da murhu, da wani ƙaton kasko da ya yi baƙi ƙirin, da akwatin gilashi da yake jera kajin a ciki. Yawanci saye ake yi a wuce. Ya daddatsa maka, ya barbaɗa yaji, ya yanka albasa a kai, ya naɗe a takarda ya jefa a baƙar leda. Amma akwai benci ɗaya da kujerun roba biyu a gefen rumfar, na waɗanda ba sa son a san a gida sun ci kaza. Mai kazar mutum ne marar yawan magana, hannunsa duk tabon tartsatsin mai. Idonsa dai ba abin da yake wuce shi.

Ogan sashenmu ne ya fara kai ni wurin. Daga Kano yake zuwa kullum, kuma ba ya kama hanyar komawa sai ya biya ya ci rabin kaza bayan la'asar. Mutum ne mai barkwanci, sai dai barkwancinsa kullum a kan mutanen ƙauye yake sauka. Ni kuma dariya nake yi har da ƙwalla, don ina so ya riƙa jana a jiki. Wata rana ya tambaye ni sana'ar mutanen gidanmu. Na ce yayana yana harkar kiwon kaji. Ya ce ashe gidan gona gare mu. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, na dai gyara zaman hulata. Daga nan duk wanda ya zo wurin sai ya nuna ni ya ce ɗan masu gidan gona ne. Gaskiyar maganar, kajin Hausa ne ke yawo a tsakar gida suna tonon shara, da akurki biyu a bayan rumbu. Idan sun taru, Yaya ya haɗa da na maƙwabta ya zuba a kwando ya kai kasuwa. Na san yana zuwa Ajingi ranar kasuwa. Ban san yana kawo wa masu suya a Gaya ba.

Ranar da abin ya faru Laraba ce. Muna zaune ni da oga da wani abokin aikinmu, an shimfiɗa mana takarda a kan benci, na sa farar shaddata da aka yi wa sitati. Na kama cinya ke nan na ji ƙarar wani babur da na sani kamar yadda na san tarin Inna. Salansarsa ta fashe tun ina makaranta, ba a taɓa gyarawa ba. Ban ɗaga kai ba, na yi ta addu'a a zuci Allah ya sa wucewa zai yi. Sai kuwa ƙarar ta mutu a daidai bakin rumfar.

Yaya ne, da tsohuwar rigarsa ta zuwa gona, da silifas, da kwandon kaji ɗaure a baya da igiyar roba. Kashin kaji ya ɓata masa bayan riga. Ya yi sallama, mai kaza ya amsa, suka fara sauke kwandon tare. Da ya juyo sai idonsa ya faɗa a kaina, fuskarsa ta washe gaba ɗaya. Na ga bakinsa ya buɗe zai ce Auta, sunan da yake kirana da shi tun ina rarrafe.

A gidanmu ƙani ba ya gaida wa a zaune. Tashi ake yi, a je a durƙusa, ko a tsakiyar kasuwa ne. Na yi hakan sau ba adadi, ban taɓa jin komai ba. Amma a ranar sai na kalli oga, na kalli ƙasar wurin da ta jiƙe da ruwan wankin kaji, na kalli gwiwar farin wandona. Ina zaune daram a kujerar roba na miƙa masa tsintsiyar hannuna, wai hannuna da maiƙo.

Na ce, “Sannu, malam. Ya hanya?”

Ya tsaya. Bai fi ƙiftawar ido biyu ba, amma har yau ina ganin tsayuwar nan. Ya dubi hannun da na miƙa, ya dubi mutanen da nake tare da su, ya gane komai. Sai ya goge tafinsa a riga, ya kama tsintsiyar hannuna da hannu biyu, ya ɗan russuna.

Ya ce, “Lafiya lau, ranka ya daɗe. A ci lafiya.”

Ya koma wurin kwandonsa. Oga kuwa ya samu abin yi. Ya kira Yaya da mai kaji, ya ce ya zo ya ga ɗan masu gidan gona, ya roƙe shi ya koya masa kiwo na zamani ko ya huta da yawo da kwando. Ya tambaye shi ko babur ɗin nan da shi aka yi yaƙin duniya. Yaya ya yi murmushi ya ce ai sai dai a taimaka musu, su mutanen ƙauye. Abokin aikinmu ya tuntsire da dariya. Ni ma na yi dariyar. Wannan ne abin da na fi kasa yafe wa kaina, don ba wanda ya sa ni, da na yi shiru ba mai lura.

Suka gama abin da za su yi shi da mai kaza a bayan rumfa. Na ga ya tsaya a gaban akwatin gilashin yana nuna wani abu da yatsa, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ɗaure kwandonsa, ya buga babur sau uku kafin ya tashi, ya tafi bai waiwayo ba. Ƙarar ba ta gama ɓacewa ba mai kaza ya zo ya ajiye 'yar takarda a gabana. Na buɗe. Ƙundu ne guda ɗaya, da ɗuminsa, an barbaɗa masa yaji.

Ya ce, “Mai kaji ya ce a ba ka. Ya ce kai kaɗai.”

Oga ya ce ka ji mutanen ƙauye da sanin girman manya. Shi a ganinsa tukuici ne na neman sabo. Ni kaɗai a wurin na san abin da aka aiko min. Yaya bai zage ni ba, bai tona ni ba, ya dai miƙo min rabon babba tunda na nuna ni ne babban. Suna kallona, suna jira. Da na naɗe shi na sa a aljihu sai an tambaye ni dalili. Na ɗauka na jefa a baki. Na tauna, na tauna, ya ƙi wucewa, sai da na kora da ruwan leda.

Da za mu tafi na je wanke hannu a butar da ke gefen murhu. Mai kaza yana juya kaji a kasko, bai ko dube ni ba ya ce Allah mai iko, ni da mai kajin nan kamar an tsaga kara, har wushiryar. Na wanke hannun nan har sau uku da sabulu.

Mako biyu ban je gida ba. Sau da yawa nakan ciro waya in nemo lambarsa in mayar aljihu. Na riƙa zagayawa ta wani layin don kada in bi ta gaban rumfar. Na ce wa oga gyambon ciki ke damuna, likita ya hana ni maiƙo. Ƙarya dai ta riga ta zame min abin hannu. Abin da nake tsoro ɗaya ne, kada Yaya ya faɗa wa Inna. Daga baya na gane akwai wanda ya fi shi, kada ya zamana daga yanzu haka zai riƙa kallona, baƙo mai farin kaya.

Ranar Juma'a ta uku na hau mota na tafi Kademi, na shirya maganar ban haƙuri tun daga tasha. Na tarar da shi a zaure yana gyaran fartanya. Kafin in kai ƙasa ya miƙe tsaye ya tare ni da hannu, ya ce sannu da zuwa, Malam, ya aiki, ya mutanen ofis. Ya jawo min tabarmar baƙi. Duk abin da na shirya ya tsere. Inna kuwa murna ta kama ta, ta ce auta ya kwana biyu, a kama zakaran nan mai jan wuya. Daga yadda take ta tsokanata na san bai faɗa mata komai ba.

Bayan an sauko daga masallaci matar Yaya ta kawo mana shinkafa da miyar zakara a kwano ɗaya, kamar yadda muka saba ci ni da shi. Ƙundun yana ɓangarensa, inda ake sa shi kullum. Muka yi bisimilla. Ya sa yatsa ya turo shi gabana. Na mayar masa. Ya ci gaba da cin shinkafarsa, can ya sake turowa. Na ce Yaya don Allah. Ya ce in ci abinci kada ya huce. Haka muka cinye shinkafar, muka cinye naman, ƙundu na zaune a tsakiyar kwano shi kaɗai.

A gidanmu, in kwano ya koma ciki da ƙundu, to maigida ya yi fushi da wani. Ba a jima ba sai ga Inna ta fito da kanta, da kwanon a hannu, ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba. Ta tsaya a bakin zaure tana duban mu ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce wa Yaya, “Wa ya ɓata maka rai?”

Ga dama ta zo har gabana. Kalma kaɗan ce, in ce ni ne, Inna. Na buɗe baki, na sunkuyar da kai ina kallon saƙar tabarma.

Yaya ya dafe kumatu ya ce, “Ba kowa, Inna. Haƙori ne ke damuna tun jiya, ba zan iya tauna shi ba.”

Mutumin da yanzun nan ya gama ragargaza ƙashin cinya a gabana. Inna ta yi salati, ta hau shi da faɗan me ya sa bai faɗa ba tun jiya. Ta ce in tashi maza in shiga ɗakinta, akwai kanumfari a gwangwanin da ke kan taga, in ɗebo masa. Na tashi na ɗebo. Da na dawo tana nan tsaye tana jira ta ga ya sa a baki.

Na zo gabansa na durƙusa, gwiwa biyu a ƙasan zauren, na miƙa masa da hannu biyu. Ban iya ɗaga ido ba. Ya bar ni a haka na ɗan lokaci, sannan na ji yatsunsa masu kaushi sun kwashe kanumfarin daga tafina.

Ya ce, “Tashi, Auta, kada ka ɓata wandonka.”

Ya cusa kanumfari uku a gefen bakin da lafiyarsa ƙalau, ya zauna da su har aka kira la'asar, Inna na leƙowa tana tambayarsa ko ya lafa. Yajin kanumfarin ya sa idonsa ya kawo ruwa, yana ce mata da sauƙi. Ni kuma ina gefe a tabarmar baƙi, na kasa ce masa ya tofar.