Ɗanɗanon Gishiri a Rumfar Uwar Tuwo

Ɗazu da hantsi iska ta kawo mini ƙanshin daddawa tana tafasa da busasshen kifi daga bayan katangarmu, sai na ture faifan waken da nake tsinta, na kasa ci gaba. Ku yara ba ku san abin da ƙanshi yake yi wa tsohuwa ba. Yakan kama hannunta ya kai ta inda ba ta yi niyyar zuwa ba. Ni yau ya kai ni wata rumfar kara a gefen Potiskum, a bakin hanyar da ke fita Fika, a shekarun da ruwan sama ya ƙi mu.

Ban san lissafin shekara ba, ban yi boko ba. Abin da na riƙe shi ne, motoci ba su daɗe da komawa hannun dama ba, ni kuma ban fara kai azumi har magariba ba. Damina biyu a jere gero ya fito, ya kai gwiwa, ya tsaya nan ya bushe a tsaye. Mata suka shiga tonon gidan tururuwa suna neman ƙwayar da ta tara. Da rijiyar ƙauyenmu ta koma taɓo, mahaifina ya kwaso mu, ni da ƙannena uku da mahaifiyata da tsohonsa, muka sauka a unguwar Yindiski cikin Potiskum, a ɗaki biyu da wani ɗan'uwa ya ba mu. Mahaifina, manomi ɗan manomi, ya koma yin dako a kasuwa.

Sai na gaya muku ko wane ne kakana, in ba haka ba ba za ku gane sauran ba. A ƙauye rumbunsa uku ne. Kowace yamma ana fitar da akussa ƙofar gidansa, duk wanda hanya ta biyo da shi ya zauna ya ci, ba a tambayarsa daga ina. Amma shi kansa ba wanda ya taɓa ganin loma ta shiga bakinsa. A ɗakinsa yake ci, a saki asabari, shi kaɗai. Haka dattawan mutanenmu suke, babba ba ya tauna inda ido yake. Tuwon saye kuwa na direba ne, da gwauro, da baƙon da ba shi da masauki. Tsohon da yake da ɗa a raye, in aka gan shi da kwanon kasuwa, to an gama faɗa wa duniya cewa ɗan ya kasa.

Hausarsa ta koyo ce, da girmansa ya same ta. Mace da namiji duk "ka" yake ce musu. Ni yakan kira ni amarya, irin wasan kaka da jika, ya ce, "Amarya, ka zo ka cire mini ƙaya."

A Yindiski sau ɗaya ake ɗora tukunya a yini. Wata jar dawa ce ta taimako, mai warin buhu, a haɗa da ganyen tafasa. Mahaifiyata ta zuba masa nasa a akushi, ni nake kaiwa. Sai ya buɗe, ya gutsiri abin da bai kai ƙwan kurciya ba, ya rufe.

"Na ƙoshi. Kai wa ƙannenka."

Mu kuwa mu yi masa rubdugu. Allah ya yafe mana, murna muke yi. Akwai zoben azurfa a hannunsa, na ga lokacin da ya bar ɗan yatsan da ya saba zama ya koma na tsakiya, daga nan ya koma babban yatsa. Na gani da idona, ban san me nake gani ba.

Bai yarda ya zauna haka ba. Yana tufka igiya da kaba, masu manyan motoci suna saye don ɗaure kaya. Idonsa ya fara hazo, don haka ni nake ɗaukar igiyoyin a ka, yana dafe da kafaɗata, har gindin wata bishiyar maina, wato dalbejiya, a bakin hanya. Daf da bishiyar nan rumfar uwar tuwo take.

Irin rumfunan nan suna nan jefi-jefi a gefen gari, inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara. Tata rufin kara ce, hayaƙi ya mayar da shi baƙi ƙirin. Benci biyu, ɗaya an tokare ƙafarsa da dutse. Tukwanen ƙasa manya a kan murhu, randa a kusurwa, da wata tasa ta wankin hannu wadda ruwanta kan yi kauri kafin azahar. Kwanonin duk sun ɓantale a baki. Ƙuda kuwa ba a magana. Amma ko a shekarar yunwa motoci ba su daina tafiya ba, dillalai suna kwasar shanun da suka rame suna kaiwa kudu, saboda haka wutarta ba ta mutu ba. Tuwon dawa da burabusko, miyar kuka, wata rana yakuwa.

Ita Babarbariya ce, doguwa, haƙoranta jajur da fure, ta kai sa'ar mahaifiyar mahaifiyata. Kowa "Ya" yake ce mata, wato uwa da yarensu. Bakinta ba ya barin na kowa ya kwana.

"Ya, miyar nan ta ga nama kuwa, ko labarinsa aka ba ta?"

"Ta gan shi. A motarka ya wuce, ta ɗaga masa hannu."

Su kwashe da dariya, suna side yatsu. Duk wanda aka ajiye wa kwano sai ya juyo wajen bishiya ya ce, "Baba, bismilla." Kakana ya ɗaga hannu ya ce, "Alhamdu lillahi." Ni ina gefensa, ina ganin maƙogwaronsa yana hawa yana sauka.

Wata rana ya miƙe zai miƙa wa wani direba igiya, jiri ya ɗebe shi, ya zube a kan gwiwa. Ya ce tuntuɓe ne. Ba dutse a wurin. Uwar tuwo tana tuƙi, ta tsaya da muciya a hannu tana kallonsa. Can ta yafito ni, ta ba ni kwano a rufe. Da na kai masa ko kallonsa bai yi ba.

"Mayar masa. Ba bara na zo ba."

Na mayar. Ta karɓa ta ajiye. Washegari, bayan mun zauna, sai ga ta da kanta. Ta durƙusa nesa kaɗan, kamar yadda suruka take yi, ta gaishe shi, tana jan hanci.

"Baba, taimako na zo nema. Mura ta toshe mini hanci, harshena ya mutu. Ga tukunya guda na haɗa, ban san ko gishiri ya ji ba. Waɗannan kuwa," ta nuna benci da haɓa, "ko ruwan wanki ka zuba musu shanyewa za su yi su ce a ƙaro. Sai babba wanda ya san miya."

Ya ajiye kabar da ke hannunsa. Sannan ya ce, "A ina?"

A bayan rumfar akwai ɗan kewaye na zana inda take salla tana ajiye itace. Ta shimfiɗa masa buzu a ciki. Ta kai kwanon miya, da malmala guda a gefe, tana cewa ai miya ba ta ɗanɗanuwa sai da abin dangwala. Ta ja zanar ta rufe, ta kamo hannuna muka dawo gaba, ta jiƙa mini ƙanzo. Da ya fito yana goge gemu, ya tsaya ya ce mata, da murya irin ta mai yanke hukunci:

"Ka ƙara kaɗan. Kanwa kuma ya yi yawa."

"Na gode, Baba. Ka fitar da ni kunya."

Murar nan ta yi wata biyu ba ta warke ba. Sai da na girma na gane cewa wata rana da gangan take rage gishirin, don ya sami abin faɗa. Ya sani, ta san ya sani. Direbobin nan ma sun sani, mutanen da ba abin da bakinsu ba ya faɗa, amma in ya nufi bayan zana sai kowa ya sunkuya a kan kwanonsa, ko a ɗauko zancen taya da hanya. Ba wanda ya taɓa ko murmushi. Tafiyarsa ta dawo, nauyin hannunsa a kafaɗata ya ragu. Ya koma tsokanata, yana cewa amaryarsa ta yi muni zai sake ta.

Ba wanda ya ce mini in yi shiru. Kowa ya ɗauka abu ne da ba sai an faɗa ba. Ni kuwa a zuciyata abin alfahari ne, duk garin nan kakana aka zaɓa ya san miya.

Ranar wata Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci. Mutanen ƙauyenmu da fari ya watso gari sukan taru a ƙofar gidanmu su gaisa. Kakana yana kan buzunsa, mahaifina yana ƙasa a gefe. Aka aike ni da ruwa a ƙwarya. Ina isowa na ji wani dattijo yana ce wa mahaifina, a hankali, matan gida sun ce tsoho ba ya cin abincinsa, ya kamata ya sa ido. Mahaifina ya sunkuyar da kai, ya ce ya yi roƙon duniya. Na ga kunya ta rufe shi a gaban mutane, na so in ɗauke masa ita.

Na ce, "Ai Kaka yana ci! Kullum uwar tuwon bakin hanya tana zuba masa, har da kifi. Ko kwabo ba ta karɓa."

Ƙwaryar tana hannuna, ba wanda ya karɓa. Wani ya yi tari. Kakana bai dube ni ba, ya dubi gabansa ya ce:

"Gishiri nake ɗanɗana masa."

"Haka ne, Baba," in ji dattijon nan. "Haka ne."

Da ma musu suka yi masa, da ya fi sauƙi. Ɗaya bayan ɗaya suka tuna da uzuri, suka ɗauki takalma. Da aka watse, mahaifina ya matso ya tsuguna a gaban tsohonsa. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

"Baba, da raina?"

"Da ranka," in ji Kaka. "Ba zan ƙara ba."

Ba wanda ya doke ni. Na yi ta jira, ba a doke ni ba.

Daga ranar bai sake zuwa gindin maina ba. Yana tufka a ɗaki, ni nake kai igiya. Uwar tuwo ta ga kwana ɗaya, ta ga biyu, a na uku ta tare ni. Na faɗa mata yadda aka yi. Ta zauna a kan turmi ta riƙe haɓa. Ta ce, "Ke 'yar nan," ba ta ƙarasa ba. Ta tashi ta cika kwano, ta rufe, ta ɗaure da ƙyalle mai tsabta.

"Ki ce masa yau da gaske nake. Wallahi ban san ko ya ji ba."

Na rungumo shi har gida, yana ƙona mini ciki. Na ajiye a gabansa, na faɗi saƙon. Bai kwance ƙyallen ba. Ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin, ya bar shi nan yana jin ɗumin, har na zaci barci ya ɗauke shi. Sannan ya ce:

"Ka ce masa ya yi daidai. Kullum ma daidai yake yi. Kira ƙannenka."

Suka zo suka ci. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na sa hannu. Yana kallonmu.

Kafin sati ya zagayo mahaifina ya gane abin da kalmarsa ta yi. Na ji shi yana cewa, "Baba, ka koma. Ni na ce ka koma, kowa ya faɗi abin da zai faɗa." Kaka ya ce magana ta riga ta fita. Mahaifina ya ce to ya ci na gida. Sai Kaka ya yi loma biyu don ya faranta masa, ya ture sauran wajenmu, yana cewa cikin tsoho ƙarami ne. Ana tsakiyar bazara ya daina tufka, kabar tana zame masa. Wata safiya mahaifiyata ta aike ni da kunu, na yi sallama sau uku. Waɗanda suka ɗauki makarar suka ce kamar ba kowa a kai. Bai cika sati biyu a ƙasa ba aka yi ruwan farko.

Uwar tuwo ta zo gaisuwa. Ita da mahaifina ba wanda ya iya kallon wani. Ya ce mata, "Allah ya saka," ta ce, "Allah ya ji ƙansa," shi ke nan. Mahaifina ya rayu har ya ga 'ya'yana, bai taɓa tayar mini da zancen ranar Juma'ar nan ba, ni ma ban taɓa samun bakin da zan roƙe shi gafara ba.

Yanzu gidajen abinci sun cika unguwanni, daga unguwar Bolewa har inda dā gonaki ne. Kujerun roba, fanka, talabijin a bango. Kwanakin baya jikana ya kai ni awon ido, a hanyar dawowa ya ce sai mun tsaya mun ci wani abu. A teburin da ke kusa da ƙofa na ga wani dattijo, gemunsa fari fat, yana fuskantar titi, yana cin shinkafa da cokali. Ɗansa yana gefensa, yana ɗebo nama daga nasa farantin yana ƙara masa. Mutane suna shiga suna fita, ba wanda ya waiga. A duk ɗakin nan ni kaɗai nake kallonsa, har jikana ya taɓa ni ya ce, "Hajiya, ba kyau."

Sa'o'ina, in mun haɗu a gidan suna ko gidan rasuwa, ba su da zance sai kunya ta ƙare a duniya, babba yana tauna a bakin titi, zamani ya lalace. Sukan juyo su ce mini, "Ko ba haka ba?" Ni sai in gyara mayafina.