Kawu Kofur da Gudun Tsaye-Tsaye

Ku da kuka san Kawu Umaru, wanda duk Bagudo ke kira Kofur tun da ya dawo daga soja, kun san ba ya gaisawa kamar mutane. Kana miƙa masa hannu sai ya cafke wuyan hannunka yana ƙirga bugun jininka. Har hannun liman ya taɓa riƙewa, ya ce, "Malam, zuciyarka na sukuwa kana zaune. Rage man shanu." Liman ya yi wata guda ba ya amsa masa sallama.

Ni Bello ɗan ƙanwarsa ne, kuma ina kokawa, sai ya sa ni gaba. Daga gindin tsamiya in zura da gudu cikin yashi iyakar ƙarfina, in dawo da tafiya, kafin numfashi ya gama komawa ya ce in sake. Sau takwas. Daga nan in ɗaga turmi, in ja guga, in yi tsallen kwaɗo, in koma kan turmi. Cinyoyina su ɗauki zafi kamar an zuba barkono, ƙirjina na dukan uku-uku. Ranar farko har amai na yi.

"Kawu, zan mutu."

"Mai mutuwa ba ya da numfashin gardama. Tashi."

Mutane suna wucewa gona suna dariya, wai Kofur na koya wa Bello gudun da ba a zuwa ko'ina. Shi kuwa ya ce, "Tsayawar ita ce aikin, nan zuciya ke koyon dawowa." Bayan wata biyu, haki da kan ɗauke ni tsawon lokaci ya koma ɗan kaɗan, zafin cinya ya daina zuwa da wuri.

Shekarar da aka samu 'yancin kai aka shirya kokawa, wani ƙato ya ƙetaro daga Dahome, ya kayar da mutum huɗu. Kafin in shiga fili, mahaifiyata ta ɗaura mini layar wani boka a damtse. Kawu ya ce, "Kar ka kama shi da wuri. Ka matsa masa, ka saki, ka sake matsawa." Haka na yi. Zuwa karo na biyar bakinsa a buɗe yake, ƙafafunsa na rawa, ni kuwa numfashina ya dawo. Na ɗaga shi na nana da ƙasa.

Aka ɗauke ni a kafaɗa, maroƙi ya tambaye ni sirrin a gaban jama'a. Na hangi Kawu tsaye a gefe da tsohuwar rigar soja, ana nuna shi ana dariya. Kunya ta kama ni. Na ce, "Laya ce."

Boka ya samu rago da sabuwar riga. Washegari na je gindin tsamiya. Kawu ya dube ni ya ce, "Mi ya kawo ka? Tahi ka aiko layar ta yi gudun."

Bai sake horar da kowa ba. Shekara uku bayan haka ya rasu, yara na kiransa mahaukaci, ku da ke dariya yanzu har da wasunku. Na yi ta shirin zuwa in ba shi haƙuri, ban je ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya ba shi hutun da babu wanda zai ce masa tashi. Ni kuma Allah ya sa ya yafe mini.