Sau Bakwai Na Wanke Allon Kwamfuta

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana akwatin ƙarfe cike da takardun ajami, tun na zamanin da yake yi wa leburorin kuza ɗinki a Bukuru. Akwatin yana hannuna a Ali Kazaure, damunar Jos kuwa ba ta raga wa takarda. Yayata, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, tana can Bukuru, idonta yana ta raguwa. Wata rana ta ce tana son ta sake karanta rubutun Baba tun tana iya gani, amma ƙananan baƙaƙen sun fi ƙarfinta. Ni kuma da bakina na ce zan buɗe wa takardun shafi a intanet, ta riƙa ƙara musu girma yadda take so, jikoki ma su gani. Iyakar sanina da kwamfuta a lokacin shi ne buga sanarwar ɗaurin aure ta masallacin unguwa.

Da na yi tambaya, aka ce akwai wani tsari da ake fara girkawa a kwamfuta kafin a gina shafi, kamar katakon da magini ke kafawa kafin ya zuba kankare. Aka ba ni bayanin a rubuce. Na kwafe shi da hannu a littafi, layi-layi, kamar yadda na saba da kowane karatu mai daraja. Bayan sallar walha na yi bismillah, na buɗe baƙar tagar nan da ake ba kwamfuta umarni, na buga na farko.

Rubutu ya yi ta gangarowa har na kasa bin sa da ido. Da ya tsaya, sai na ga layuka huɗu ruwan ɗorawa a tsakiyar farare, masu gargaɗi a kan wani abu wai ya tsufa.

To, a inda na yi karatu ba a ɗora sabon darasi a kan allo mai gyara. In malam ya ga kuskure ko na ɗigo ɗaya, wankewa ake yi a sake. Saboda haka na goge komai, na sake daga bismillah. Layukan suka dawo. Na zargi data, na canja layi. Na zargi soket ɗin zaure, na koma ɗaki. Har yanke hukunci na yi cewa ina gaggawa ne, na riƙa buga kowane harafi da yatsa ɗaya ina furta shi a fili. Sau bakwai cikin mako uku. Maiɗakina in ta kawo shayi sai ta tambaya, da ladabinta, ko kwamfutar ta haddace ko da saura.

Yayata ta yi waya sau biyu. Ba ta tambayi aikin ba, sai dai ta ce yanzu ba ta iya zura zare a allura.

Washegarin wayarta ta biyu na ɗauki kwamfutar zuwa Nasarawa Gwom, wurin wata Bayarabiya mai shagon buga takardu, wadda aka ce ita ke gina wa makarantu shafukansu. Kusan sa'ata ce. Na yi mata bayani tiryan-tiryan, har da ɗan alfahari a kan yawan wankin da na yi. Ta bar ni na girka na takwas a gabanta. Da layukan suka fito na miƙa hannu zan goge, sai ta janye kwamfutar, ta buga wani ɗan adireshi. Shafi ya buɗe tas, yana yi mini maraba.

"Oga Malam, tun ranar farko abin ya yi," in ji ta. "Kai ne kana kashe shi."

Na ce yaya za a gina abu a kan gargaɗi? Ta ce jan rubutu ne abin tsoro, wannan yalon mita ce kawai, nata ma duk haka suke, kuma ba wanda ya rushe. Zuciyata ba ta yarda ba. Abin da na iya yi shi ne na rage girman tagar don kada mu haɗa ido da layukan.

Ta nuna mini yadda ake sa hoto, na sa hoton warƙa ɗaya daga takardun Baba. Shafin bai hau intanet ba tukuna, a cikin kwamfutata kaɗai yake, don haka na rungume ta na shiga motar Bukuru.

Yayata ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Na ƙara girma, na ƙara, har kowane baƙi ya kai tafin hannu. Sai na ji ta fara karantawa a hankali. Addu'a ce Baba ya rubuta ta neman sauƙin haihuwa, ta ce ita ta kai wa mahaifiyarmu rubutun a ƙwarya ranar da za a haife ni. Ta karanta har ƙarshe, ta goge ido da gefen mayafi, ta tambayi ta gaba.

Na ce ai ita ke nan tukuna.

"Ɗaya? A mako uku? Nawa ne a akwatin?"

Na ce ban ƙirga ba, amma ya cika.

"Auta, gobe ka zo mini da akwatin da wayarka. Ka riƙa ɗaukar hoto kana nuna mini a nan. Intanet ɗin ta jira, ita idonta lafiya lau."