Ɗan Farin da Aka Kai Aikin Dogo

Kakata ta wajen uba, wadda muke ce wa Iya, ba ta da haƙuri da yara, amma ta iya tatsuniya. A ƙauyenmu kusa da Malbaza, in an ci tuwo bayan magariba lokacin sanyi, sai ta tura karan dawa cikin murhu, ni da ƙannena mu kewaye ta. Wanda ya yi gyangyaɗi ya sha ranƙwashi. Ni ce babba, ni ce kuma mai bakin tsiya, don haka kaina ya fi na kowa sanin hannunta.

Shekarar da gidan siminti na Malbaza ya fara ɗaukar ma'aikata, Baba ya je an rubuta sunansa, ya dawo yana murna. Iya ko sannu ba ta ce masa ba. Da yamma muka roƙe ta ta yi mana ta Gizo, ta ce yau Gizo ya yi tafiya.

"Wagga ba ta da daɗi," in ji ta. "Wanda ba ya so ya tashi."

Ba wanda ya tashi. Ta ce a zamanin nasara, wato Turawan mulki, labari ya zo cewa za a shimfiɗa dogo, hanyar jirgin ƙasa, daga bakin teku ya keta daji da hamada har ya kai wani tekun. Ƙarfe kuwa ba ya shimfiɗa kansa. Kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, ya yanka wa kowane gari yawan mazan da zai bayar, dogarai suka jera samari a ƙofar maigari. Cikinsu akwai ɗan wata mata da mijinta ya rasu. Shi kaɗai gare ta, ɗan fari, gemu bai ko tsiro masa ba.

Sai tafinta ya ce kumandan ya yi sassauci. Matar da ba ta da miji, in ɗanta ɗaya ne, a bar mata shi ya noma mata gona. Ta fito kawai ta nuna shi, ta faɗi sunansa a duba takarda.

To, ga surukanta zaune, ga dattawan gari. Wace uwa ce za ta buɗe baki a gabansu ta kira sunan ɗan fari, har ta ce nata ne? Tun da ta haife shi ba ta taɓa yi ba. Tafintan kuma baƙo ne daga nesa, bai san da wannan ba. Ya nuna yaron, ya tambaye ta har sau uku ko ɗanta ne. Ta ja zane ta rufe fuska, tana jiran ƙannen mijinta su yi magana a madadinta kamar yadda aka saba. Su kuwa sun san in an sake shi, da ɗan ɗayansu za a cike gurbin. Suka yi gum. Yaron ya dube ta, ya sunkuyar da kai, don shi ma da kunyar aka rene shi. Tafinta ya wuce na gaba.

Bayan damina biyu wasu suka dawo, ƙashi da fata. Suka ba da labarin fasa dutse da ɗaukar katako da ƙarfe a ka, da zawon da ke kayar da mutane, a turbuɗe su nan gefen hanya a ci gaba da aiki. Sun ce yaron na cikin waɗanda aka turbuɗe. Dogon kuwa bai taɓa zuwa ƙasarmu ba.

Haushi ya kama ni. Na ce, "Iya, me ya hana ta magana? Wawuya ce?"

Na kare kaina ina jiran ranƙwashi, amma bai zo ba.

"Wawuya ce," in ji ta. "Rannan kowa ya yaba mata. An ce ɗiyar mutunci, ta san kunya."

Ta yayyafa wa wutar ƙasa, ta shige ɗaki ba tare da ta rufe tatsuniyar ba. Mu kuma muka yi ta gunaguni an cuce mu, ba waƙa, ba abin dariya.

Iya ta rasu a shekarun fari da yunwa, lokacin ina da aure. A zaman makoki wata tsohuwar ƙawarta, Gwaggo Tabawa, ta ja ni gefe ta ce tunda ni ce babba gara in sani, matar nan Iya ce. Bayan abin ya faru ta bar garin, ta sake aure a nan, ta haifi Baba. Na tambayi Gwaggo sunan yaron. Ta ce wallahi ba ta taɓa ji ba, ko da Iya ta ba ta labarin suna daka, "yaron nan" kawai take cewa. Na tambayi Baba, ashe bai ma san yana da wa ba. Garin da abin ya faru kuwa yunwa ta riga ta watsa shi.

Na daɗe ina jin haushin nasara da dogonsa, kuma har yau ban yafe ba. Amma na fi jin haushin waɗanda suka zauna suka yi shiru, sannan suka yaba mata. Da na haifi ɗana na fari, Habibu, da sunansa nake kiransa, a kasuwa, a gaban uwar mijina, a ko'ina. An ce ba ni da kunya, an ce lakwal, makarantar boko, ta ɓata ni. Na ce na ji.

Abin da na kasa gyarawa shi ne na baffana. Ina wa iyayena da kakannina addu'a kowa da sunansa, amma in na zo kansa sai dai in ce, Allah ka ji ƙan ɗan Iya, kai ka san sunansa.